Amsar Tambaya: Sauka Cikin Kwazazzabon Grand Canyon

Tambaya: Ina karatu a jihar Arizona ta Amurka. Ni da abokaina muna so mu sauka har bakin kogin Colorado mu dawo a yini ɗaya, a watan Yuli. Me kuka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah ku sake shawara. Hukumar da ke kula da wurin ita ma tana gargaɗin kada a yi haka. Zurfin kwazazzabon ya haura mita 1,500, kuma sauka ce ke yaudarar mutum, domin ƙafa na tafiya da sauƙi. Hawa kan ci ninki biyu na lokacin sauka, ga gajiya. A sama iska na da sanyi, amma a ƙasa, wajen masaukin Phantom Ranch, zafin Yuli kan wuce digiri 40.

Idan farkon zuwanku ne, ku bi hanyar Bright Angel. Tana da rumfunan hutu, kuma da bazara ana samun ruwan famfo, sai dai ku tambayi ma'aikata tukuna, don bututun kan fashe. Hanyar South Kaibab kuwa ta fi buɗe wa ido kyan duwatsun, amma babu ruwa a kanta, inuwa ma kaɗan ce.

Ku fita bayan sallar asuba, ku juyo kafin ƙarfe 10. Ku riƙe ruwa da gyaɗa mai gishiri, domin yawan shan ruwa babu gishiri kan jawo jiri da amai. Mai azumi kada ya sauka. In kun ƙudurta sai kun isa kogin, ku nemi izinin kwana a ƙasa, ku bari sai Oktoba.