Darasi: Ido da kulawa da shi

Ido ƙaramin abu ne, amma aikinsa babba ne. Da shi ɗalibi yake karanta allo, manomi yake bambanta hatsi da haki, tela yake zura zare cikin allura. Cututtukan ido da yawa suna shigowa sannu-sannu, ba tare da zafi ba. Shi ya sa ake kai ido awo tun bai lalace ba, daga ƙuruciya har tsufa.

Cikin yara, amodari shi ne babban abokin gaba. Jihohin Damagaram da Maradi sun daɗe suna fama da shi. Ƙuda ne ke ɗaukar cutar daga idon wannan yaro zuwa na wancan. Hannu mai dauɗa da tsumman goge fuska su ma suna yaɗa ta. In ciwon ya yi ta komowa, gashin ido yakan lanƙwashe ciki, ya riƙa kartar ƙwayar ido har mutum ya makance. Wanke fuska da sabulu kullum, da amfani da masai, suna rage shi ƙwarai.

Akwai kuma dundumi. Yaro mai dundumi yana gani da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe. Rashin bitamin A ke kawo shi. Hanta, ƙwai, karoti, mangwaro da ganyen zogala suna kare yaro. Ana kuma ba yara ƴan wata 6 zuwa wata 59 ƙwayar bitamin A sau biyu a shekara.

Wani ɗalibi ba ya ganin rubutun allo daga bayan aji. Sai a ce da shi malalaci, alhali tabarau kawai yake bukata. Awon ba wuya: yaro ya tsaya metir 6 daga allon awo, ya rufe ido ɗaya, ya nuna inda ƙafafun harafin E suka dosa.

Daga shekara 40, gani na kusa yakan ragu. Tabarau na gyara wannan. Tsofaffi kuwa yanar ido ke damunsu. Likita yana cire ta da ɗan gajeren aiki, gani ya komo. Amma hawan jinin ido ya fi haɗari, domin ganin da ya ci ba ya dawowa. Awo ne kaɗai ke tona shi da wuri.

Mu riƙe:
Ba a ɗiga wa ido ruwan ganye ko maganin ƴan talla. Ido ya yi ja ko ya dushe, sai gidan likita.

Tambayoyi:
1. Yaya amodari yake yaɗuwa?
2. Wane abinci ke hana dundumi?
3. Don me hawan jinin ido ya fi yana haɗari?

Aiki:
Kowane ɗalibi ya rufe ido ɗaya, ya karanta allo daga bayan aji. Wanda bai gani sosai ba ya gaya wa malam.