Darasin Mako: Ajiyar Abinci a Gida

A Suratu Yusuf, aya ta 47, Annabi Yusuf (AS) ya shawarci mutanen Masar su bar hatsi a zangarniyarsa, su ci kaɗan, saboda shekarun fari da ke tafe. Tanadin abincin iyali halal ne. Abin da aka hana shi ne ɓoye abinci don a tsawwala wa mutane.

Mu da ba mu da gona a nan Minna, lokacin saye shi ne kaka, Nuwamba zuwa Janairu, kafin farashi ya tashi a Kasuwar Kure.

1. A shanya masara ko wake sosai. Ka ciza, in ya yi ƙaras, ya bushe.
2. A zuba a buhun PICS ko jarka mai murfi, a toshe kar iska ta shiga. Ƙwari za su mutu da kansu.
3. A ɗora kan katako, nesa da bango, domin damshin Minna ya fi na gida Kano ko Sakkwato.
4. Don Allah kar a zuba Sniper a wake. Guba ce, yaranmu ne za su ci.

Ko mudu biyar ne, a fara. Allah ya sa albarka.