Amsoshin Tambayoyinku: Ta Ina Ciwon Hanta Nau'in C Ke Shiga Jiki?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi, da gwaji ya nuna yana da ciwon hanta nau'in C, yana tambaya ko wajen cin abinci da wani ya ɗauka.

To malam, a'a. Jini cutar take bi. Mutane kan ɗora wa kwano ko gumi laifi, alhali takan yi shekara 20 shiru a jiki, har a manta da askar wanzami, ko allurar kemis, ko ƙarin jinin da ba a tantance ba. A Masar, allurar tsargiya da aka riƙa yi wa jama'a har shekarun 1980, da sirinjin da ba a tafasa sosai ba, ita ta yaɗa ciwon hantar ga miliyoyin mutane. Cutar ba ta da allurar rigakafi, amma shan magani na mako 12 yakan warkar da ita. Ka koma asibiti, a gwada uwargida ma.