Daga Wankin Fim zuwa Dijital: Darasin Ɗaukar Hoto ga Ɗalibin Harshe

Har yau idan mutum ya shiga shagon mai hoto a Maraɗi ko Damagaram da wayarsa a hannu, cewa yake a wanke masa hoto, ko da injin bugawa ne zai fito da shi a bushe. Kalmar "wanki" gado ce daga zamanin fim, lokacin da sura ba ta bayyana sai an tsoma ta cikin ruwan magani. Harshe ya riƙe kalmar bayan sana'ar ta sake kama. Ɗalibin ilimin harshe yana da dalilin sanin abin da ke bayan kalmar, domin binciken fage yana kai shi maƙera da marina da zaurukan malamai, inda hoto yake zama shaidar abin da kunne ya ji. Wanda ya fahimci aikin fim shi ne yake iya juya kyamarar dijital yadda ya so, maimakon ta riƙa yanke masa hukunci.

Yadda fim yake kama haske

Asalin kyamara akwati ne mai duhu da ƴar kafa guda. Hasken da ya shigo ta kafar yana zana surar abin da ke waje a bangon ciki, amma a kife. Ibn al-Haisam ya yi bayanin wannan a ƙarni na 11. Abin da ya rage shi ne hanyar tsayar da surar, kuma a kan haka Nicéphore Niépce na Faransa ya yi aiki a shekarun 1820, kafin a bayyana dabarar Louis Daguerre a 1839. A 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak mai naɗaɗɗen fim, sai hoto ya fara shiga hannun kowa.

Fim leda ce da aka shafe da wani danƙo mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Duk ƙwayar da haske ya taɓa tana canzawa, amma ido ba ya ganin canjin. Wanki ne yake fito da shi. Ruwan magani na farko yana mai da ƙwayoyin da suka sha haske su zama baƙar azurfa. Na biyu yana tsayar da aikin na farko. Na uku yana narkar da ƙwayoyin da haske bai taɓa ba, sannan a ɗauraye da ruwa mai tsabta a shanya. Abin da ya fito shi ake kira dodon hoto: wurin da ya yi haske ya koma baƙi, baƙin kuma ya koma fari. Daga shi ake haska sura a kan takarda cikin ɗaki mai duhu. Fim ɗin da aka fi sani shi ne mai faɗin milimita 35, kowace sura tana da milimita 24 a 36, naɗi guda kuma yakan ɗauki hoto 24 ko 36.

Yadda dijital take yin aikin

A kyamarar dijital, wani ɗan faranti mai jin haske ne yake zaune a gurbin fim. An raba shi miliyoyin ɗigo, kowane ɗigo yana mai da hasken da ya same shi lantarki, a auna a rubuta shi da lambobi. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro nau'in farko da ya yi fice a 1969, a Amurka. A 1975 injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital da take ɗaukar baƙi da fari mai ɗigo 10,000 kacal, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto guda a kaset. Abin da ya canza shi ne makarɓin hasken. Gilashi da kafa da akwati suna nan yadda suke.

Ma'auni uku

Saboda haka darasin farko iri ɗaya ne a fim da dijital: sarrafa yawan hasken da ke shiga. Abubuwa uku suke yin wannan.

Na ɗaya shi ne ƙofar haske, wadda take cikin gilashin kyamara, tana buɗewa tana tsukewa kamar ƙwayar ido. Ana nuna ta da lambobi irin su 2.8, 4, 5.6, 8, 11 da 16. Idan lamba ta girma ƙofa ta tsuke, kuma kowane taki yana rage haske da rabi. Ƙofa mai faɗi tana fito da abin da aka saita ta bar bayansa a dishe. Tsukakkiya tana fito da na kusa da na nesa tare.

Na biyu shi ne tsawon lokacin da marufi yake buɗe, wanda ake rubutawa 1/60, 1/125 ko 1/250 na daƙiƙa. Gudumar maƙeri a sama ba ta tsayuwa a hoto sai da gajeren lokaci, kamar 1/500. Idan lokaci ya fi 1/60 tsawo, rawar hannu takan ɓata sura a gilashi mai milimita 50, sai an ɗora kyamara a kan ƙafafu uku.

Na uku shi ne saurin jin haske, wato lambar ISO: 100, 200, 400 da sama. Babbar lamba tana taimako a wuri mai duhu, amma tana kawo tsaki-tsaki a hoto. Mai fim yana zaɓen lambar tun daga sayen naɗi, mai dijital kuwa yana iya canza ta a kowane hoto.

Ukun nan kamar ma'aunin sikeli suke. A rana tsaka, da ISO 100, ƙofa 16 da 1/125 suna ba da haske daidai. Ƙofa 11 da 1/250, ko ƙofa 8 da 1/500, duk yawan hasken ɗaya ne, sai dai kamannin hoton ya bambanta. Ɗalibin da ya haddace wannan yana iya aiki ko da na'urar auna haske ta ɓaci.

Abin da kowane ɓangare yake koyarwa

Fim yana koyar da tsayawa a duba. Mai hoto 36 a hannu, wanda ba zai ga sakamako ba sai bayan wanki, dole ya dubi inda rana take, ya lura da abin da ya shigo gefen sura, ya rubuta ma'aunin da ya yi amfani da shi. Da irin wannan horo Seydou Keïta da Malick Sidibé suka yi aikinsu a Bamako, Philippe Koudjina kuma ya ɗauki rayuwar samarin Yamai bayan samun ƴancin kai. Dijital tana koyarwa ta wata hanya: kuskure yana bayyana nan take, a gyara a sake ba tare da an kashe kuɗi ba. Haɗarinta shi ne ɗalibi ya danna sau 300 ya dawo bai san wanne ne shaidarsa ba.

Yanayin ƙasarmu yana da nasa darussa. Na'urar auna haske tana ɗaukar kowane fage a matsayin toka-toka matsakaici. Idan dattijo ya zauna da farar riga a rana, sai ta rage haske domin rigar, fuskarsa ta nutse cikin duhu. Maganin shi ne a kai shi inuwa, ko a ƙara haske taki ɗaya, ko a jira hantsi ko la'asar. A nan ma akwai bambanci: fim mai dodo yana jure haske mai yawa, farantin dijital kuwa idan wuri ya ƙone da fari, babu abin da za a iya dawowa da shi. Ƙurar hunturu idan ta hau faranti takan fito a kowane hoto, don haka ba a sauya gilashi a fili. Zafi yana lalata fim, kuma ruwan wankin baƙi da fari ana son sa a kan digiri 20, abin da ke buƙatar ƙanƙara a bazara.

Hoto a binciken fage

Mai tattara kalmomin ƙira zai ji sunaye irin su uwar maƙera, masaba, awartaki da zugazugi. Idan bai haɗa kowane suna da hotonsa ba, bayan wata shida zai iya ba wani kaya sunan wani, kuskuren kuma ya shiga kundinsa. Hanya mai sauƙi ita ce ya rubuta lambar hoto kusa da kalmar a littafinsa, tare da gari da rana da karin harshen mai magana, ya ajiye rula a gefen kayan domin girmansa ya fito. Izini yana zuwa kafin komai: a faɗa wa mutum inda hoton zai je, idan ya ƙi a bar shi.

Rubutun ajami ya fi buƙatar kula. Ɗigo ne yake raba ba da ta da nun a tsakiyar kalma, don haka hoto mai dishi yana iya sauya karatu. Ana shimfiɗa takarda kusa da taga, a kafa kyamara a samanta daidai ba karkace, a kashe walƙiya, a sa ISO ƙarami da ƙofa 8. Bayan ɗauka a faɗaɗa hoton a duba wasula kafin a ɗaga shafin, domin mai littafin ba lalle ya sake fito da shi ba.

Ajiya ita ce matakin ƙarshe. Dodon baƙi da fari da aka ɗauraye sosai yana kai shekaru masu yawa a wuri busasshe, katin ajiya kuwa yana iya mutuwa dare ɗaya. Ka'idar da masu adana tarihi suke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, ba ya zama asali.

Ɗalibin da bai sami fim ba yana iya aron horonsa. Ya sa kyamara ko waya a tsarin sarrafawa da hannu, ya ba kansa hoto 36 kacal a wata sana'a guda, ya rubuta ma'aunin kowanne da sunan abin da ya ɗauka, kuma kada ya duba allo sai washegari. Sannan ya zauna da littafinsa ya gano dalilin da ya sa kowane hoto ya fito ko ya ɓaci.