Sitarol na Tsirrai da Ciwon Kitsen Hanta

Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da suka yi wa wannan zamani katutu akwai taruwar kitse a hantar mutumin da ba ya shan giya. Ƙididdigar da masana suka tattara daga ƙasashe daban-daban a 2016 ta nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu na manyan duniya yana ɗauke da wannan larura, galibinsu kuwa ba su sani ba, domin hanta ba ta saurin yin ƙorafi. Da yake cutar ta yaɗu haka, sai masu sayar da ƙwayoyin ƙarin abinci suka samu kasuwa, ɗaya daga cikin hajojinsu kuwa ita ce sitarol na tsirrai. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna abin da bincike ya tabbatar game da wannan sinadari, ta raba shi da abin da ake zato kawai, domin mai ciwon da ya dogara da zato yana iya ɓata kuɗinsa da lokacinsa alhali hantarsa na ci gaba da lalacewa.

Cutar da Kanta

Likitoci suna cewa hanta ta yi kitse idan maiƙo ya taru a cikin fiye da kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyin halittarta. A 1980 ne Jurgen Ludwig da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka suka bayyana wasu majiyyata 20 waɗanda hantarsu ta yi kama da ta mashaya, ga kitse ga kumburi, alhali ba sa sha. Tun daga nan aka riƙa kiran cutar da sunan abin da ba shi ne ya kawo ta ba, watau kitsen hanta wanda ba na giya ba. A 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sake mata suna, suka jingina ta ga ainihin tushenta, watau taɓarɓarewar yadda jiki yake sarrafa abinci: ƙiba, tumbi, ciwon sukari, hawan jini, da yawan maiƙo a jini.

Mafi yawan masu cutar suna tsayawa a matakin kitse kawai. Ga wasu kuwa sai kumburi ya biyo baya, sa'an nan tabo, daga bisani hanta ta taurare ta ƙanƙance, wani lokaci ma ciwon daji ya shigo. Abin lura a nan, wanda zai yi amfani nan gaba, shi ne cewa abin da ya fi kashe masu wannan larura shi ne ciwon zuciya da na jijiyoyin jini, ya fi mutuwar hantar yawa.

Mene ne Sitarol?

Kolestarol sinadari ne mai maiƙo da jikin dabba yake gina bangon ƙwayoyin halittarsa da shi. Tsirrai ma suna da nasu, sitarol, wanda ƙirarsa ta yi kama da ta kolestarol ƙwarai, bambancin ɗan reshe ne kawai a gefen ƙwayar. Waɗanda suka fi yawa su ne sitostarol da kamfestarol da sitigmastarol. Ana samun su a man masara da man waken suya da riɗi da gyaɗa da hatsi, abincin yau da kullum kuwa yana ba mutum tsakanin miligiram 200 zuwa 400 a yini.

Wannan kamanni shi ne asirin aikinsa. Kafin hanji ya tsotsi kolestarol, sai ruwan maɗaciya ya tattara shi cikin wasu 'yan ƙananan ƙulle-ƙulle da suke kai shi bangon hanji. Wurin zama a cikin waɗannan ƙulle-ƙulle ƙayyadadde ne, kamar kujerun mota a tasha. Idan sitarol ya yi yawa sai ya tare kujerun, kolestarol ya rasa wuri, ya fita tare da bayan gida. Shi kuwa sitarol ɗin, da ya shiga bangon hanji, akwai wasu ƙofofi biyu da suke maido da mafi yawansa waje. Saboda haka jiki yakan tsotsi kusan rabin kolestarol ɗin da ya iso hanji, amma abin da yake tsotsa na sitarol bai kai kashi 5 cikin ɗari ba.

Ba sabon ilmi ba ne wannan. A 1951 Peterson ya nuna cewa sitarol na waken suya yana hana kolestarol hawa a jinin kaji, a 1953 kuma Pollak ya gwada shi a jikin mutane. A cikin shekarun nan na 1950 kamfanin Eli Lilly ya fito da shi a matsayin magani mai suna Cytellin, sai dai ana bukatar shan giram masu yawa, daga baya aka daina shi. Ya sake farfaɗowa a 1995, sa'ad da Miettinen da abokan aikinsa a ƙasar Finlan suka ba mutane man shafa burodi da aka gauraya da sitanol, ɗan'uwan sitarol, na tsawon shekara guda, mugun kolestarol ɗinsu ya sauka da kusan kashi 14 cikin ɗari. A shekarar ce man Benecol ya shiga kasuwa. Gwaje-gwaje masu yawa da suka biyo baya sun daidaita a kan cewa giram 2 a yini yana rage mugun kolestarol da kimanin kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. Wannan kam tabbatacce ne.

Inda Hujja ta Yi Rauni

Mai talla zai ce: sitarol yana rage maiƙo, hanta kuwa maiƙo ne ya dame ta, ashe ke nan sitarol maganin hanta ne. Wannan hujja tana da daɗin ji, amma ta haɗa abubuwa biyu da kalmar maiƙo kaɗai ta gama su. Kitsen da yake cika hanta galibinsa tiraigilisaraid ne, irin kitsen da ake gani a jikin nama, hanyar shigowarsa daban take da ta kolestarol. Wani bincike da Donnelly da abokan aikinsa suka buga a 2005 ya bi sawun wannan kitse a jikin majiyyata, ya gano cewa kusan kashi 59 cikin ɗari yana kwararowa ne daga kitsen da jiki ya riga ya tara, kashi 26 hanta ce da kanta take ƙera shi, musamman daga sukari da sitaci, kashi 15 kaɗai ke zuwa kai tsaye daga maiƙon abinci. Sitarol yana tsaye ne a ƙofar hanji yana tare kolestarol. Ba ruwansa da tumbi, ba ruwansa da kwalbar lemo mai zaƙi da hanta za ta mayar kitse.

Duk da haka bai kamata a yi watsi da batun baki ɗaya ba. Masana sun lura cewa sakakken kolestarol da yake taruwa a hanta, ko da kaɗan ne, yana cikin abubuwan da suke hura wutar kumburi. A 2014 masu bincike na Jami'ar Maastricht a Holan suka ba da rahoton cewa sitarol da sitanol sun rage kumburin hanta a jikin ɓerayen da aka ciyar da abinci mai maiƙo. Amma ɓera daban, mutum daban. Gwaje-gwajen da aka yi a jikin masu kitsen hanta ƙanana ne, na mutane kaɗan da makonni kaɗan, yawancinsu kuma sun tsaya ga auna sinadaran hanta a jini. Saukar waɗannan sinadarai ba ta nuna cewa tabo ya warke, tabon kuwa shi ne ma'aunin da ya fi faɗin makomar majiyyaci. Don haka ne ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin hanta ba su sa sitarol cikin magungunan wannan cuta ba.

Saura batun zuciya. Tun da ciwon zuciya ne babban abin tsoro ga mai kitsen hanta, rage kolestarol yana da amfani gare shi, a nan ne sitarol yake da ɗan gurbi. Ƙa'idojin likitocin zuciya na Turai na 2019 sun yarda a yi la'akari da giram 2 a yini, tare da babban abincin rana, ga wanda kolestarol ɗinsa ya hau amma haɗarinsa bai kai na shan magani ba, ko kuwa a matsayin ƙari kan magani. Sai dai babu wani babban gwaji da ya nuna cewa sitarol ya rage bugun zuciya ko mutuwa, alhali magungunan sitatin sun nuna haka sau da dama, an kuma tabbatar masu kitsen hanta suna iya shan su. A 2022 asibitin Cleveland ya gwada ƙwayoyin ƙarin abinci iri shida, har da na sitarol, da miligiram 5 na rosubastatin. Bayan kwana 28 maganin ya rage mugun kolestarol da kusan kashi 38 cikin ɗari, ƙwayoyin kuwa babu wadda ta fi ƙwayar bogi a ma'aunin ƙididdiga. Wanda likita ya rubuta wa sitatin ya ajiye, ya koma ga sitarol don wai na tsiro ne, ya yi musayar hasara.

Abin Kiyayewa

Kasancewar abu daga tsiro ba ta wanke shi daga illa. A 1974 Bhattacharyya da Connor suka bayyana wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, masu wata cutar gado wadda ƙofofin nan biyu na hanji ba sa aiki a cikinta. Irin waɗannan mutane sitarol yakan taru a jininsu, ya toshe jijiyoyin zuciya tun suna da ƙuruciya. Cutar ba ta da yawa, amma ga mai ita ƙarin sitarol guba ne. Har wa yau sitarol yana rage karotin a jini, watau sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A, shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta a jikin kayan cewa kada a wuce giram 3 a yini, kuma ba lalle su dace da masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba. Akwai ma wani abin mamaki da ya shafi hanta kai tsaye. Jariran da ake ciyar da su ta jijiya da man waken suya na tsawon lokaci sukan kamu da ciwon hanta, sitarol na cikin man kuwa yana daga manyan abubuwan da ake zargi, domin ta jijiya ya tsallake ƙofofin hanji. Wannan bai shafi mai ci ta baki ba, amma ya nuna cewa hanji ne yake kare hanta daga wannan sinadari.

Abin da aka tabbatar yana gyara hanta shi ne rage nauyi. A wani bincike da aka yi a Kyuba, aka buga a 2015, cikin waɗanda suka zubar da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu kumburi ya gushe ga kashi 90, tabo kuma ya ragu ga kashi 45. A Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da resmetirom ga masu kumburi da tabo, a 2025 kuma ta ƙara da semagulutaid.

Mai son samun sitarol daga abinci zai tarar riɗi na cikin mafi arziki, kimanin miligiram 400 a giram 100, watau sai ya ci kusan rabin kilo kafin ya kai giram 2, man da ke ciki kuwa zai ƙara masa ƙibar da yake gudu. Gyaɗa ma tana da nata, amma a ƙasashenmu masu zafi gyaɗar da aka adana da danshi takan yi funfuna mai gubar afalatoksin, wadda take kawo ciwon dajin hanta, haɗarin kuma yana ninkawa ga mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma. Saboda haka wanda hoton asibiti ya nuna masa kitse a hanta a wannan yanki, ya kamata a fara auna jininsa don neman wannan ƙwayar cuta da ciwon sukari kafin a shiga zancen ƙwayoyin ƙarin abinci.