Ratsa Fadamar Haɗejiya a Ƙafa

Ƙasar Haɗejiya shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da tsaunukan hawa, amma wanda ya ɗaura niyyar ratsa fadamarta a ƙafa daga garin Haɗejiya zuwa Nguru ta Jihar Yobe, tazarar da ta haura kilomita 60 ko a miƙe aka auna ta, zai sha wuyar da ba ta gaza ta mai hawan dutse ba, domin ruwa da laka da rairayi ne za su yanke masa zango. Fadama ita ce ƙasar da kogi ke malala a kanta da damina ya janye da rani, kuma ta wannan yanki ta samu ne daga rarrabuwar Kogin Haɗejiya da na Jama'are zuwa ƙoramu kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, mai gangarawa Tafkin Chadi.

Lokacin da ya dace shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ja baya, rana ta yi sauƙi, tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai kuma suka sauka a dausayin Baturiya, wanda ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2008. Da bazara zafi kan wuce digiri 40, a Agusta da Satumba kuwa ambaliya kan shafe hanyoyi, kamar yadda ta yi mummunar ɓarna a 2022.

Babban abin da matafiyi zai riƙe shi ne taswira ba ta isa jagora a nan ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza, kachala kuma, wato doguwar ciyawar nan mai fin mutum tsawo, ta toshe ƙoramu da yawa ta karkatar da ruwa zuwa inda a da tudu ne, har turbar da aka bi bara ta kan zama tafki bana. Saboda haka wajibi ne a ɗauki ɗan gari daga kowane zango, masunci ko makiyayi, wanda ya san mashigi da inda masu fito ke ɗaure kwale-kwale. A ƙauyukan Kirikasamma da Guri, ya kamata baƙo ya fara gaida mai unguwa ko bulama ya faɗi inda ya dosa, ya kuma tambayi halin da ake ciki tsakanin manoma da makiyaya kafin ya bi burtali, wato hanyar shanu, musamman lokacin girbi.

Ruwan da ke kwance yana ɗauke da cutar tsargiya, don haka ba a wanka a cikinsa ba a kuma sha sai an tafasa, gidan sauro kuma dole ne ko da sanyi ake yi. Takalmi rufaffe da safa mai kauri sun fi silifa, saboda ƙarangiya da ƙaya, sai dai a cire su a busar da ƙafa bayan kowane tsallake don gudun kumburi da saɓar fata. Guzuri mara nauyi, irin dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ya wadatar, tun da ana samun kifi da fura a hanya. A tashi bayan sallar asuba, a huta ƙarƙashin goruba da azahar, a kuma isa masauki kafin magariba.