Darasin Gona: Gashin Ganye, Daga Shayi Zuwa Lambu

Kowa a Sakkwato ya san shayi, amma kaɗan ne suka taɓa ganin itacensa. Ba ya yi a ƙasarmu, domin yana son sanyi da ruwan sama mai yawa. A Nijeriya ana nomansa a Kakara, bisa tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda tudun ya wuce mita 1,500. Duk da haka akwai abin da manomin fadamar Kwalkwalawa zai koya daga gare shi.

In ka duba sabon tohon shayi, za ka gan shi lulluɓe da farin gashi mai laushi. Kowane sili ƙwayar halitta guda ce da ta miƙe daga fatar ganyen. Gashin nan yana tare zafin rana, yana rage ruwan da iska ke kwashewa, yana kuma hana ƙananan ƙwari kai baki ga ganyen. Masana sun sami kafin a cikinsa, wato sinadarin nan na goro mai hana barci, da wasu masu ba shayi bauri da ƙanshi. Idan ganye ya tsufa ya yi tauri, gashin yakan zube. Shi ya sa a ƙasar Sin shayin toho mai gashi yana cikin masu tsada.

To, mu dawo bakin gulbin Rima. Ƙaiƙayin da ke damun mai tsinkar kuɓewa, wannan gashin ne. Na tumatir kuwa ya fi ban mamaki: wasu silayen suna da ɗan ƙulli a kai, cike da ruwa mai danƙo da wari. Shi ke ɓata hannu bayan an yi aiki cikin lambu. Ƙaramin ƙwaro in ya taka, ƙullin ya fashe, danƙon ya riƙe masa ƙafa. Ashe abin da muke ƙorafi a kai, mai gadi ne wanda ba a biyansa.

An daɗe da sanin cewa auduga da kuɓewa masu gashi sun fi jure ƙananan koren ƙwarin nan masu tsalle, waɗanda ke tsotse ganye har gefensa ya yi rawaya ya naɗe. Amma kada a ɗauka gashi maganin kome ne. A kan auduga, farin ƙuda ya fi son ganye mai gashi, nan yake ɓoye ƙwansa, kuma shi ne ke yaɗa cutar nannaɗewar ganyen tumatir. Saboda haka kafin ka zaɓi iri, sai ka san wane ƙwaro ne ya fi ɓarna a gonarka.

Ga aikin wannan mako. Ka tsinko ganyen kuɓewa biyu, ɗaya daga mai ƙaiƙayi, ɗaya daga mai santsi. Ka juya bayansu da sassafe, lokacin da ƙwari ba su fara tsalle ba, ka ƙirga na kowanne. Ka maimaita a ganye 10, ka kai wa malamin gona lissafin kafin ka ajiye irin baɗi.